Karnukan da Kawu Ya Koya wa Jan Kujera

Ranar Talata da la'asar sakaliya matar shagon wayar da ke bakin layinmu a unguwar Dengfeng, nan Guangzhou ta ƙasar China, ta leƙo ta ce ana nemana daga Afirka. Yayata ce daga Kano. Ba ta ja magana ba, ta ce Kawu, wanda tuni ya koma gida, ya cika bayan sallar asuba, har an kai shi makwancinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kan wayar, na tsaya ina kallon masu loda katan-katan ɗin tocila a mota, na rasa wanda zan fara gaya wa.

Kafin isha ɗakinmu ya cika. A shekarun nan, bayan an mayar wa China da Hong Kong da kaɗan, duk Hausawan garin nan in ka tattara mu bas ɗaya za ta kwashe mu har da kayanmu, amma ranar sai da wasu suka zauna a matakala. 'Yan Kano masu batir da tocila, mutanen Maradi da Damagaram, ɗalibai biyu da suka taso daga makaranta. Wani ya ce Kawu ne ya tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ranar da ya sauka bai san gabas ba. Wani ya ce Kawu ne ya koya masa buɗe katan ta ƙasa, don mai kyau a sama ake jera shi. Wani Bamarade ya ce lokacin da abincin garin nan ya gagare shi har wandonsa na zamewa, Kawu ya ɗebar masa garin kuka a leda. Baffa kuwa, abokin Kawu tun suna Kantin Kwari, wanda muke kira Baffa don girma ba don jini ba, kuka ya yi har hularsa ta faɗi bai sani ba. Matar shagon waya ta aiko da lemo cikin kwando.

Kowa ya faɗi alheri, kuma duk gaskiya ne. Amma na zauna ina saurare har aka shafa fatiha, ba wanda ya ambaci karnukan, alhali duk sun sani. Na ga in na yi shiru, nan da shekara biyu za a goge Kawu a mayar da shi "mutumin kirki mai yawan ibada" kawai, kamar kowane mamaci. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga bakin tasha inda nake kashe rana da surutu, da gemuna da komai, ya kawo ni China na riƙa yi masa tafinta. Tafinta dai a baki. Sinancina bai wuce "nawa ne", "ya yi tsada" da "meyo" ba, wato babu. Amma a wurin Kawu ni farfesa ne, don shi kalma biyu ya riƙe, gaisuwa da godiya, kuma da su ya yi shekara uku yana cika kwantena. In ya sayi tocila dubu biyu, ɗaya bayan ɗaya zai kunna su, mai kaya ya yi barci ya farka ya tarar da shi a ta ɗari bakwai. In na shigo da gudu na ce duniya ta tashi, an riƙe mana kaya ko mota ta tafi ta bar mu, abu ɗaya yake cewa: "Zauna ka sha ruwan zafi tukuna." Wannan a wurin Sinawa ya koya, ya riƙe shi fiye da su.

Abin da yawancin abokan kasuwarsa ba su sani ba, ɗan mafarauta ne. A wani ƙauye ya tashi a bakin dajin Falgore, kuma kafin ya san ma'auni ya san kare.

Mai gidan da muke haya tsoho ne, kuma shi ma baƙo ne a Guangzhou. Daga can ƙuryar arewacin ƙasar ya zo, inda ya ce kogi na daskarewa har mota ta bi ta kai. Kawu yana ce masa Yaya don ya girme shi, shi kuma ya ji ina cewa Kawu, ya ɗauka suna ne, yake kiransa Kawu. Yana da karnuka biyu, manya, masu gashi kamar ragon layya, sun yi ƙiba har in sun kwanta a gindin matakala sai ka rantse katifa aka yar. Ni uku-uku nake tsallake matakalar. Kawu kuwa sai ya tsaya ya kalle su ya girgiza kai, ya ce an lalata bayin Allah da zama. Sunayensu na Sinanci sun gagare mu, ya sa wa baƙin Duna, mai farin goshin kuma Kyalla.

Hunturun Guangzhou ba ƙanƙara, amma wani sanyi ne mai laima da ke shiga ƙashi ya yi haya. A irin wannan safiyar tsohon ya hau wurinmu ya zauna, ya ƙi shan shayi. Da Sinancina na tsiya da zanen da ya yi a bayan katan muka haɗa maganar. Zai koma garinsu gaba ɗaya kafin sabuwar shekararsu. Ɗansa zai mayar da gidan masauki, kuma maƙwabta sun gaji da karnukan. Ƙaninsa da ke can arewa ya ce zai karɓe su in suna aiki, in za su ja kayan kamun kifi a kan ƙanƙara, amma ba zai ciyar da 'yan hutu ba. Ɗan ya ce to, akwai motar kaya da za ta tafi can nan da mako biyar. Ranar tafiya zai zo ya gani da idonsa. In sun ja, a loda su. In ba su ja ba, akwai mai gidan abincin da ya riga ya zo ya duba su, don lokacin sanyi ne, lokacin da ake neman namansu.

Na fassara wannan na ƙarshen ina kallon ƙasa. Kawu bai zagi kowa ba. Ya ce ai a ƙasarmu ma akwai masu ci. Sannan ya ce, "Ka ce wa Yaya gobe bayan asuba."

Tsohon ya kai mu sito ya fito da abin da za su ja. Kujera ce ta katako a kan dogayen ƙarafa biyu siri-siri da suka miƙe ta baya. Ana ɗora kaya a kujerar, mutum ya tsaya a baya ya riƙe marikinta, ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya tana tokarar ƙasa, abin ya riƙa sulɓi a kan ƙanƙara. Na ce Kawu, tsakani da Allah, ka taɓa ganin ƙanƙara? Ya ce ya gani, a firji.

Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Mako biyar, karnukan da ko ƙofar gida ba sa zuwa sai an roƙe su, da malamin da bai taɓa ganin filin aikin ba.

Muka cire tayoyin 'yar kurar da muke jan katan da ita muka ɗaura a ƙarƙashin ƙarafan. Tsohon ya kawo igiya zai ɗaura musu a wuya, Kawu ya riƙe hannunsa, ya dafa ƙirjinsa ya nuna masa a nan ake ja. Ya yanko faffaɗar igiyar ɗaure dila, ya naɗe ta da safunan samfur da suka yi mana yawa, muka kai wa wani tela a unguwar Sanyuanli. Telan ya juya abin ya juya, ya tambaye ni yaron shekararsa nawa.

Akwai wani filin lodi bayan sito kusa da titin Huanshi Lu, ba kowa a cikinsa sai ƙarfe bakwai. Nan muke zuwa. Makon farko ba abin da aka yi sai saka musu kayan. Duna ya kwanta ya miƙe ƙafafu kamar an yi masa rasuwa. Kyalla ta riƙa zagaye kanta tana neman cizon igiyar. Ni ina ƙirga kwanaki, Kawu yana tsugune yana yi musu magana a hankali kamar mai ba surukai haƙuri. Bayan nan ya ɗaura musu guntun gora, sannan tsohuwar taya. Ranar da Kyalla ta fara jin abu na ƙara a bayanta, gudun da ta yi ko ɓarawon Sabon Gari sai ya sara mata. Kawu bai taɓa ɗaga musu hannu ba. Kalma huɗu kacal ya koya musu: mu je, tsaya, dama, hagu. Kuma kullum yana tsayar da aiki tun suna marmari, ya ce in ka bari kare ya gaji, gobe gajiyar zai tuna. In an gama sai ya tsuguna ya ba su hanta da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, wadda yake saya a wurin Musulmin Sinawa masu farar hula.

Shi ke gudu a gabansu. Mutumin da ya haura sittin, da tari a ƙirji, cikin wannan sanyin. In ya tsaya sai ya dafa gwiwa ya daɗe bai ɗago ba, ni kuma in tsaya ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata in ya faɗi a nan. In ce yayanki ya faɗi a China yana tsere da kare?

Ni ne lodin farko. Ranar da aka ɗora ni a kujerar wata mage ta gifta, kuma wallahi na ga Guangzhou gaba ɗaya a cikin daƙiƙa goma, na ƙare a cikin tulin buhunan auduga ƙafafuna a sama. Tsohon ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kawu bai tambayi lafiyata ba sai da ya duba ƙafafun karnukan.

Maganar ba ta ɓoyu ba. A ɗakinmu ake jam'i, kuma Kawu ke ja. Yana da kayan da ya ware don filin, yana dawowa ya yi wanka ya sake wasu, amma gashin karnukan nan ko a aljihun wanda bai taɓa ganinsu ba sai ya shiga. Wata azahar an tada iƙama, Baffa ya miƙa hannu ya tsinto wani abu daga kafaɗar Kawu ya ɗaga shi sama.

"Malam, wannan gashin mene ne?"

"Na kare ne," in ji Kawu.

Baffa ya ce shi dai ba zai bi liman mai wasa da kare ba, kuma abin kunya ne a ƙasar mutane a ce dattijonmu ne yaron karnukan wani. Sahu ya rabu biyu, masu cewa najasa ne da masu cewa ba haka suka karanta ba. Kawu ya ce abin da ya ji a wurin malamansa, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ba zai tsaya musu a kan darduma ba, kuma ba zai sa wani ya yi salla zuciyarsa na wasi-wasi ba. Ya ja da baya ya kama hannun Baffa ya tura shi gaba. Tun ranar bai sake jan salla a garin nan ba. Baffa kuwa da ya samu wuri, surorin da yake ɗaukowa sai da masu ciwon gwiwa suka fara sallarsu a gida. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwar Kawu, amma Kawu bai fasa aika masa yaji ba.

A mako na huɗu karnukan sun zama wasu daban. Ƙiba ta zube, igiya na miƙewa tsaf, su ja buhu biyu su zagaye filin, Kawu ya ce dama su yi dama. Har ya daina gudu a gaba, ya koma baya yana tokara. Na fara barci mai daɗi.

Saura kwana tara Kawu ya ce Yaya ya hau, tunda shi zai tafi da su. Tsohon ya hau ya riƙe, ya faɗi "mu je" ɗinsa da ya kwana yana haddacewa. Karnukan suka zauna suna kallon Kawu. Ya sake faɗa, ko kunne ba su kaɗa ba. Kawu ya ce bari ya matsa, ya nufi ƙofar filin. Nan take suka juya suka bi shi, kujerar ta kife, tsohon ya faɗi a kan kafaɗarsa.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Muka ɗaga tsohon, muka kakkaɓe shi, Kawu ya koma gefe ya zauna a kan taya. Ya ce laifinsa ne. A gidansu mafarauci da hannunsa yake ciyar da karensa, ba ya bari kowa ya ba shi ko ƙashi, don kare ya san mutum ɗaya ne nasa a cikin daji. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya yi ba tare da ya yi tunani ba. Ya manta waɗannan ba nasa ba ne. Mako huɗu yana mayar da su nasa, kuma ranar gwaji in suka ƙi ja wa mai su a gaban ɗansa, an gama.

Ranar ya haɗa 'yar jakarsa ya koma wani masauki a Sanyuanli, don ko ƙanshinsa kada su ji a matakala. Ya sa na kwashe takalmansa da bargonsa na kai masa. Ya ce hanta daga yau a hannun Yaya, ni kuma kada in kuskura in miƙa musu ko ruwa.

Kwana uku suka ƙi ci. Tsohon zai tsuguna da hantar a tafinsa har hannunsa ya yi sanyi, su kawar da kai. Suka kama wani irin kuka mai tsawo suna kallon saman bene. Maƙwabta suka sake kai ƙara, ɗan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana magana da ƙarfi, abin da na tsinta shi ne ba sai an jira ranar mota ba. Na roƙe shi da duk Sinancin da na mallaka, har lawban na kira shi, wato maigida, sau ashirin. Ya ce to, ranar da aka sa, ba ƙari ko na awa ɗaya.

Kullum da yamma sai in hau tasi in je Sanyuanli. Kafin in cire takalmi Kawu zai ce, "Sun ci?" In ce ba su ci ba. Ya juya ya kalli bango. Ni da ba na iya rufe baki ko a maƙabarta, a kwanakin nan na rasa abin tsokana. Na ce ko zai je sau ɗaya ya lallashe su, ya ce in ya je sau ɗaya an koma farko. A rana ta huɗu Kyalla ta karɓa daga hannun tsohon, Duna ya biyo baya. Da na gaya wa Kawu sai ya tashi ya ce a nemo masa abinci, a nan na gane shi ma bai ci na kirki ba.

Kwana biyar suka rage, kuma ba su tafi daidai ba. Yau su ja rabin fili su tsaya suna shinshina ƙofa, gobe su ja duka, jibi Duna ya zauna a tsakiya ya ƙi motsi. Jajibirin ranar ma sau biyu suka tsaya. Ba wanda zai iya cewa ga abin da za su yi.

Da safe Kawu ya ce zai zo ya gani. Na ce Kawu, kai da bakinka ka ce an koma farko. Ya ce ba za su sani ba. Akwai wani bene mai hawa uku da ke kallon filin, masu sito na shanya kaya a rufinsa. Kafin ya hau sai da ya tsaya a titi ya ɗebi ɗan garin kuka a yatsunsa ya saki, ya kalli inda iska ta kai shi. Ya zagaya ta ɗaya gefen, inda iskar ke tasowa daga filin zuwa gare shi, ya hau ya tsuguna bayan tankin ruwa.

Motar kaya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da injinta a kunne. Ɗan ya sauko, hannu a aljihu. Muka ɗora buhu biyu a kujera. Tsohon ya saka musu kayan, na taya shi ɗaure na Duna. Ya hau ya riƙe. Kyalla ta ɗaga hanci sama ta daɗe tana shaƙar iska. Tsohon ya ce "mu je" da wata murya da ban san yana da ita ba.

Igiya ta miƙe. Suka ja har ƙarshen filin, ya ce hagu suka yi hagu, suka zagayo, tsohon na tokara da ƙafa ɗaya kamar saurayi. Ya ce tsaya, suka tsaya a gaban ɗansa, harshe a waje. Ɗan ya kalle su, ya kalli ubansa, ya je da kansa ya buɗe bayan motar.

Na haura benen da gudu. Kawu na nan tsugune inda na bar shi, ya rufe baki da hula don kada tari ya kuɓuce masa. Na ce Kawu sun ja, sauko ku yi sallama, Yaya na ta waige yana nemanka.

"Na gani," ya ce. "Ko sau ɗaya ba su waiwayo ba."

Na ce to ai shi ke nan, sauko.

"A'a. Je ka ce wa Yaya Allah ya kiyaye hanya. Ni ina nan sai motar ta fita layin, kada iska ta juya."

Na sauka na isar da saƙo. Sai da motar ta hau babban titi ta ɓace cikin sauran motoci, sannan na ji tarinsa daga saman bene.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa abin da ba shi da bakin roƙo. Amin.